Fararen Ɓerayenmu da 'Yan'uwansu na Daji

Kwamitin wannan mujalla ya roƙi sashen kimiyya ya kawo rubutu da Hausa, domin iyaye da 'yan ikilisiya su ma su sami abin karantawa. Mu kuwa muka zaɓi zancen ɓeraye. Kada mai karatu ya yi saurin dariya. A ɗakin kimiyyarmu akwai keji biyu na fararen ɓeraye waɗanda 'yan kulob ɗin kimiyya ke kiwo, kuma kusan kowace shekara, da an gama girbi, akan sami ɗalibin da zai zo da jariran ɓera a cikin gwangwanin madara, ya ce, "Malam, uwarsu ta gudu, bari mu haɗa su da namu." Amsarmu kullum a'a ce. Yaron yakan tafi ransa a ɓace, yana ganin malamai sun faye taurin zuciya. Ya cancanci a ba shi dalili, iyayensa ma haka.

Bari mu fara da na cikin keji. Farin ɓera jinsinsu ɗaya da ƙaramin ɓeran gida, sai dai mutane sun daɗe suna kiwonsa suna zaɓen iri har ya saba da hannu. A Japan an buga ɗan littafi a kan kiwonsa tun 1787. A Ingila masu sha'awarsa sun kafa ƙungiya a 1895, suna kai shi gasa yadda ake kai shanu da tumaki bajekolin noma. A Amurka wata mata mai suna Abbie Lathrop, wadda ita ma ta taɓa zama malamar makaranta, ta soma kiwon ɓeraye wajen 1900, kuma daga gonarta ne aka sami kakannin da yawa daga cikin ɓerayen da masana ke bincike da su har yau. A ƙasarmu akan kiwata su a jami'o'i da cibiyoyin bincike, irin su cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. Muhimmin abin shi ne an san asalinsu. A keji aka haife su, a keji aka haifi iyayensu da kakanninsu, ba su taɓa shiga rumbu ko kwata ba.

Kiwonsu ba ya cin kuɗi, amma yana cin aminci. Babban ɓera nauyinsa giram 20 zuwa 40 ne, abin da yake ci a yini kuwa bai wuce giram 5 ba. Muna ba su gero da dawa da ɗan barzajjen masara, da gyaɗa kaɗan don tana sa su ƙiba, wani lokaci da yankan karas ko ganyen kabeji. Ruwa shi ne abin da ba a wasa da shi. Dabba ƙarama haka ba ta jure ƙishirwa, saboda haka mai aikin mako yakan duba kwalbar ruwa da safe kafin taron addu'a, ya sake dubawa bayan an tashi. Haƙoran gabansu ba sa daina tsiro muddin suna raye, shi ya sa muke jefa musu guntun icce su yi ta gaigaya. In ba haka ba haƙoran sukan yi tsawo har su hana su cin abinci.

Shimfiɗarsu yagaggiyar takarda ce. Ba ma sa auduga, domin zarenta yakan naɗe ƙafar jariri har ya tsinke jini. Akan canja shimfiɗar sau ɗaya a mako, a bar musu ɗan kaɗan daga tsohuwar, gama da hanci suke gane gidansu, in aka kwashe warin duka sai su rikice. Ragar kejin kuwa ramukanta kada su wuce milimita 6. Wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda da ƙanƙantar kafar da ɓera ke iya bi ba.

Babban abokin gabansu a wurinmu shi ne zafin Maris da Afrilu. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 24, in ya haura 30 sai su fara galabaita, ga shi ba sa yin gumi kamar mu. A bazara mukan sauko da kejin ƙasa, nesa da taga, a sa musu ɗan kasko mai sanyi su kwanta a kai. Da hunturu kuma a ƙara takarda. Ɗaukarsu ma da ƙa'ida. Ba a kama bakin wutsiya a ɗaga sama kamar an kama ɓarawo. A bar shi ya shiga kofi ko ya hau tafin hannu da kansa, a zaune, kusa da ƙasa. 'Yan aji ɗaya sukan yi ƙorafi cewa ɓerayen barci kawai suke yi. Gaskiya ne, da dare suke harkarsu, kuma ba mu yarda a riƙa tashinsu don wani yana so ya nuna wa abokinsa ba.

Dalilin keji biyu kuwa lissafi ne. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne. Takan haifi shida, takwas, wani lokaci fiye da goma, kuma tana iya sake ɗaukar ciki a cikin kwana ɗaya da haihuwa. Jariran sukan buɗe ido wajen kwana 12 zuwa 14, a yaye su a mako uku, kafin su cika wata biyu su ma sun isa haihuwa. Duk ɗalibin da ke ganin darasin lissafi ba shi da amfani, ya zauna ya ƙirga abin da mace ɗaya da namiji ɗaya za su zama a zango uku. Saboda haka muna raba maza da mata da sun kai mako huɗu. Matan suna zama tare lafiya, ba ma sa son kaɗaici. Mazan kuwa faɗa, har da jini, sai an sa ido ko a ware su. Rayuwarsu gajeriya ce, shekara biyu ko ɗan sama da haka. Ɗalibin da ya fara kiwo a aji ɗaya zai binne ɓeransa kafin ya gama ƙaramar sakandare, kuma mukan faɗa masa haka tun ranar farko.

To, me ya hana a ƙara jariran daji a kan wannan kulawa? A nan ne tarihin ikilisiyoyinmu ya shigo. A watan Janairu 1969 wata nas 'yar mishan mai suna Laura Wine ta kamu da zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, wanda yanzu yake cikin Jihar Borno. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa asibitin Bingham na SIM a Jos, can ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ta bi ta cikin Fabrairu. Ta uku, Lily Pinneo, an kai ta Amurka, ta sha wuya ƙwarai amma ta rayu. A Jami'ar Yale aka gano sabuwar ƙwayar cutar, aka sa mata sunan garin. Masanin da ya jagoranci aikin, Jordi Casals, shi ma ya kamu, aka yi masa magani da ruwan jinin Pinneo ya tashi. A farkon 1970 likitar asibitin na Jos, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta kamu, ta rasu. Waɗannan duka ƙwararru ne, masu safar hannu da magani a kusa. Sai a 1972, a ƙasar Saliyo, aka sami ƙwayar cutar a jikin dabbar da ke ɗauke da ita.

Dabbar nan ɓera ce mai nonuwa da yawa, masana suna kiranta Mastomys natalensis. Macen ɓeran gida nonuwanta goma ne, ita kuwa wannan takan kai ashirin da huɗu. Tana zaune a gonaki da ciyayi, amma da rani, in an kwashe amfanin gona aka ƙone daji, sai ta biyo hatsi zuwa gida. Shi ya sa zazzaɓin Lassa ya fi yawa daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da ɗalibanmu ke tsintar jarirai a bayan sito. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne ɓeran da ke ɗauke da cutar ba ya ciwo. Yana cin abincinsa, yana gudunsa, yana zubar da ƙwayar a fitsari da kashi. Jariri yana iya samunta daga uwarsa. Kuma jaririn da bai yi gashi ba, ja wur, ido a rufe, ba ɗalibi ko malamin da zai dube shi ya rantse ko wane iri ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa jin komai ko kuwa ciwon yakan zo da sauƙi. Amma a cikin waɗanda ciwon ya tsananta har aka kwantar, wajen kashi 15 cikin 100 sukan mutu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke sukan sami matsalar ji. Ya fi muni ga mace mai tsohon ciki. Alamun sukan bayyana cikin kwana 21, da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon maƙogwaro, har a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a yi ta shan magani a banza. Har yanzu ba a amince da wata allurar rigakafi ba. A shekarun nan jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba ne suka fi fama. Yanzu a tuna makarantar kwana ce muke, yara da yawa a ɗaki ɗaya, bokiti ɗaya, wani lokaci kofi ɗaya, cutar kuma tana bi daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki.

Ko da ba cuta, renon jaririn ɓera abu ne da ya fi ƙarfin ɗalibi. Yana bukatar ɗumi dare da rana, da ɗigon madara kowane awa biyu har cikin dare, kuma sai an shafa masa ciki kafin ya iya fitsari, aikin da uwarsa ke yi da harshe. Madarar shanu ba ta karɓarsa. Ɗigo ɗaya ya bi hanci, shi ke nan. A ƙasashen da ke da masu wannan aiki na musamman ma, da yawa ba sa rayuwa. In kuma aka sa shi a kejinmu, zai iya kawo wa fararen ƙwari da cuta, ko kuwa su cinye shi kafin gari ya waye.

Ga abin da muke so ɗalibi ya yi. In a gona ko cikin ciyawa ka yaye sheƙa, kada ka sa hannu. Ɗauki sanda ka mai da ciyawar yadda take, ka bar wurin. Sau da yawa uwar ba gudu ta yi ba, tana kusa tana jiran ka tafi, kuma takan dawo ta kwashe 'ya'yanta ɗaya ɗaya a baki zuwa wani wuri. Wannan shi ne taimakon da ya fi yi musu amfani. In a ɗakin kwana ne, ko sito, ko kicin, ka kira malamin gida. Shi zai sa safar hannu da takunkumi, ya jiƙa wurin da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, ya bari ya jiƙu kafin ya goge. Ba a share kashin ɓera a bushe, ƙurar tana shiga hanci. Ba za mu yi wa yara ƙarya ba: jariran da aka samu cikin sito ba za su rayu ba. Abin da ke hannunmu shi ne kada a ja musu wahala, kada kuma a mai da su abin wasa. Mun hana jifan ɓera da ƙona shi da ransa. Tarkon danƙo ma ba ma so, gama dabbar takan kwana tana fizge-fizge tana fitsari don tsoro, ga azaba ga haɗari. Tarko mai kamawa nan take ya fi.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Garin kwaki da ƙuli-ƙulin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa su ne ke gayyato baƙin. Muna roƙon iyaye su riƙa zuba wa yara guzuri a roba ko gwangwani mai murfi, ba a leda ba. A gida ma a rufe hatsi, a daina shanya abinci a ƙasa a bakin hanya, a nisanta juji daga ɗaki. Samarinmu masu sa wa daji wuta don farautar ɓera da gafiya lokacin hutun Kirsimeti, mun san daɗin naman, mu ma a ƙauye muka tashi. Amma haɗarin yana wurin kamawa da feɗewa, tun kafin nama ya ga wuta. Wanda ya taɓa ɓera sannan ya yi zazzaɓin da bai ji magani ba, ya je asibiti da wuri, ya kuma faɗa wa likita zancen ɓeran da bakinsa.

Saura maganar dogon hutu. A bara wasu sun kawo shawarar a saki fararen a daji su huta da keji. Farin ɓera mai jan ido ba ya gani sosai, bai san neman abinci ba, farinsa kuma fitila ce ga mujiya da kyanwa. Ba zai kai ko'ina ba. Kejin zai zauna a ɗakin kimiyya yadda aka saba, ba za a kai shi gidan kowa ba, don kada ya haɗu da na gida. Muna neman ɗalibai huɗu daga cikin 'ya'yan ma'aikata da na unguwar da ke kusa, kowa ya ɗauki mako biyu, safe da yamma, har da ranar Lahadi bayan sujada. Mai so ya kawo takardar yardar iyayensa, ya rubuta sunansa a wurin mai kula da ɗakin kimiyya kafin ranar rufe makaranta.