Ziyara a Makarantar Kiɗa ta Laifzik

A birnin Laifzik na ƙasar Jamus akwai makarantar kiɗa wadda Mendelssohn ya kafa a 1843. Ba ta da nisa da Majami'ar Toma, inda Bach ya bi da mawaƙa daga 1723 har rasuwarsa a 1750.

Muka zauna a ajin masu koyon kiɗan ikilisiya. Malam yakan ba ɗalibi muryar wata waƙar sujada, ya ce ya hau ogan ya ƙago mata mabuɗi nan take, ba takarda. Mu kuwa, 'yan'uwa, hadda kaɗai muke sa yaranmu, ko mai baiwa ba mu ba shi fili. Wani saurayi ya kakare har sau biyu. Malam bai tsauta masa ba, sai ya rera masa muryar a hankali, ya ce, "Sake."