Tabon Da Mai Gyaran Gashi Ta Gani

A tsakiyar shekarun 1990, wata mai gyaran gashi ta nuna wa Angela Christiano wani ɗan fili a kanta, sumul, faɗinsa kamar na kwabo. A lokacin ba ta daɗe da kama aikin bincike a Jami'ar Kolombiya da ke Niyok ba. Likitoci suka ce mata alofeshiya ariyata ce, cutar da kusan mutum 2 cikin 100 ke gamuwa da ita a rayuwarsu. Mai gani zai iya cewa makero ne, amma makero ƙwayar cuta ce daga waje, ita kuwa wannan daga cikin jiki take tasowa. Da ta ga ilimin da ake da shi a kan cutar bai taka kara ya karya ba, sai ta mai da ita fagen bincikenta.

A jiki mai lafiya, saiwar gashi a ɓoye take ga garkuwar jiki, ba ta ɗaga alamomin da ƙwayoyin tsaro ke dubawa. Idan wannan kariya ta rushe, sai saiwar ta fitar da wasu sunadarai na neman agaji, irin su ULBP3. Ƙwayoyin T masu kisa su amsa kira, su kewaye ta, su saki sinadarin intafiron gama. Ita kuma ta mayar da IL-15, wanda ke ƙara musu kuzari. Haka wutar ke ciyar da kanta har gashi ya zube.

A 2010 tawagar Christiano ta wallafa a mujallar Nature sakamakon nazarin ƙwayoyin gadon majiyyata fiye da 1,000, inda ta gano wurare 8 masu alaƙa da cutar. Da yawansu an riga an san su a amosanin gaɓɓai da ciwon sukari nau'i na 1. Sai dai gado ba ya yanke hukunci shi kaɗai: a tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, sau da yawa ɗan'uwansa kan tsira.

Wannan dangantaka ce ta nuna hanyar magani. Saƙonnin intafiron da IL-15 duka suna bi ta kan sunadaran JAK ne kafin su isa cibiyar ƙwayar halitta, kuma akwai magungunan toshe JAK da aka riga aka haɗa don wasu cututtuka. A 2014 tawagar ta ba da rahoton majiyyata 3 da gashinsu ya dawo bayan shan ruxolitinib. A Yunin 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da baricitinib, ritlecitinib ya biyo baya a 2023.

Gashin na iya dawowa ne saboda harin ba ya hallaka ƙwayoyin asali da ke sake gina saiwar. Amma maganin na danne cutar ne, ba ya tumɓuke ta. Mafi yawan waɗanda suka daina sha, zubar gashin kan dawo musu.