Riguna biyu a hanyar Ben Nevis

Ɗan'uwa, da na sauka Gilasgo, birni mafi girma a Sikotilan, kantin kayan hawan dutse na fara nufa. A birnin nan Charles Macintosh ya ƙirƙiro yadin da aka manna wa roba a tsakiya, ya yi masa rajista a 1823, kuma har yau Turawan Ingila na kiran rigar ruwa da sunansa. Mai kantin ta ɗauko mini riguna biyu masu kama ɗaya, amma kuɗinsu ya yi nisa da juna. Kafin ranar, a sanina rigar ruwa iri ɗaya ce.

Ta yayyafa ruwa a kan mai arahar, ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza. Wani sinadari ne aka shafa a bayan yadin. Yana kore yayyafi na ɗan lokaci, amma idan ruwa ya daɗe ko maɗaurin jaka ya danne kafaɗa, sai ya ratsa. Datti da gogayya ma suna cinye shafin.

Ta biyun tana da wani siririn shimfiɗi a ciki, irin na Gore-Tex, mai ƙofofin da suka yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta amma tururin gumi ke fita ta cikinsu. Mai kantin ta juya rigar, ta nuna mini an liƙe kowane ɗinki da tef, domin ramin allura ma ƙofa ce. Lambar 20,000 da ke jikin takardarta tsayin ruwa ne a milimita, wanda yadin zai ɗauka kafin ya zuba. Ita na saya.

Jirgin ƙasa ya kai ni Fort William, garin da ke gindin Ben Nevis, dutse mafi tsawo a Birtaniya, mai mita 1,345. Ruwan da ke sauka a ƙololuwarsa a shekara ya haura milimita 4,000, wato ninkin na Kano sau huɗu.

A gida hadari kan taso, mu fake a rumfa, ya ɗauke. A can ruwa wuni yake yi, iska na tura shi ta gefe, ga shi babu mafaka. Na haɗu da mutane suna saukowa sun jiƙe sharkaf, suna rawar ɗari. A sanyin nan jiƙaƙƙen kaya kan zuƙe ɗumin jiki har ya kai ga halaka. Don haka in tafiya ta kama ka, juya rigar ka duba ɗinkinta kafin ka biya.