Jiran Minha a Sharafiyya ta Jidda

Hajiya, matso da kujerarki nan. Yaya, ɗan tura mana ƙofar. Tunda yaran sun shige ɗaki, sai mu yi maganar da kowa ke ta kewayewa tun da aka zuba shayi. Babu wadda ba ta da ɗa ko 'ya mai jiran jami'a a cikinmu, amma in an haɗu a bakin kanti sai "ya yara?", "lafiya lau", kowa ta wuce da abinta a ciki. Ni kam na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Tawa yarinyar, da ta sallame sallar asuba, ko hijabi ba ta cirewa take jawo waya daga ƙarƙashin matashi. Ina daga bakin ƙofa nake ganin hasken a fuskarta. Ta shiga shafin neman gurbi, ta sa lambar igama, wato katin izinin zama, ta jira ya buɗe, ta tarar da abin da ta bari jiya: ana kan dubawa. Sai ta kife wayar, ta tashi ta ɗora ruwan zafi ba tare da ta ce uffan ba. Ba na tambayarta, don amsar tana nan a yadda take ajiye butar.

Kuma ba don ba ta yi ƙoƙari ba. Kun san yadda lissafin nan yake. Sakamakon sanawiyya, wato sakandare, shi kaɗai ba ya kai yaro ko'ina, sai an haɗa shi da ƙudurat da tahsili, jarrabawar nan biyu ta Ƙiyas, a auna kowanne da nasa kason, a fitar da maki guda. Ta zauna su, ta sake zama don ta ɗaga makin. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan: ɗan da ba ɗan ƙasa ba, ko da a asibitin Jidda aka yanke masa cibi, ba layi ɗaya yake bi da abokan ajinsu ba, sai dai in uwarsa 'yar ƙasa ce. Namu sai ta ƙofar minha, wato gurbin tallafin karatu. Ita kuwa minha iri biyu ce, kuma mutanenmu da yawa suna haɗa su wuri guda. Akwai ta waje, wadda ake ba ɗalibin da zai taso daga Kano ko Maraɗi, da masauki da alawus na wata da tikitin jirgi. Akwai ta cikin gida, ta masu igama irin 'ya'yanmu. Kujerunta kaɗan ne, jami'o'i da yawa ba sa buɗe mata fannin likitanci, kuma sau da yawa sai an gama da 'yan ƙasa sannan a waiwayo ta. Shi ya sa za ki ji 'yar maƙwabta da suka yi aji ɗaya tana sayen abayar shiga jami'a, taki tana nan tana duba waya.

Me kika ce, Anti? Ai gaskiyarki, Jami'ar Sarki Abdul'aziz ga ta nan a cikin garin, tun 1967 take, mota ɗaya ce daga nan. Ga Ummul Ƙura a Makka, ga Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961, wadda ta yaye malamanmu da yawa na Arewa. Kusancin ne ma ke ƙara wa abin ciwo. Masu zaman kansu kuwa, irin su Effat da Darul Hikma, ƙofarsu a buɗe take, amma kuɗin shekara dubban riyal ne masu yawa, ba na mai sayar da abinci ko direban gida ba.

Abin da nake so mu faɗa wa junanmu a fili shi ne, jiran namu ya wuce na gurbin karatu. Muna jiran a gaya mana inda yaron zai zauna ne. Tun watan Yuli na 2017 da aka sa kuɗin iyali, riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar maigida, abin ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Ki lissafa: riyal 4,800 ke nan a shekara kan yaro guda, ko yana karatu ko yana kwance a gida. Abban yara na gani da idona ya zauna da biro da bayan takardar kuɗin wuta, ya rubuta sunayen yaran a jere, kowa da adadinsa a gaba, ya ja layi, ya daɗe yana kallon jimlar. Gidaje nawa muka raka filin jirgi a shekarun nan saboda wannan lissafin? Ga shi ɗa namiji ba ya dawwama a igamar ubansa, in ya kai 25 sai ya nemi nasa kafilin, wanda zai tsaya masa a igama. To in minha ba ta fito ba, shekara guda ta zaman jira tana da farashi, kuma kowa a gidan ya san shi, har yaron. Shi ya fi kowa sani ma.

Ban manta da waɗanda ba su da igamar gaba ɗaya ba. Akwai yara a unguwannin nan, Larabci a bakinsu kamar ruwa, kai kamar me, amma babu lambar da za su sa a shafin balle su shiga sahun masu jira. Duk lokacin da na ji kaina ina ƙorafi sai na tuna da uwayensu.

Da can muna da Sudan. Jami'ar Afirka ta Khartoum ta ɗauke mana nauyi sosai, ga Larabci, ga kusa, ga sauƙin kuɗi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe wannan hanya, muna nan muka ga jiragen ruwa suna sauke mutane daga Port Sudan a tashar Jidda. Tun daga nan ido ya koma gida.

Gida kuma, Yaya, ke kika fi mu sani, tunda naki yana Bayero. Ba a shiga sai ta JAMB, kuma alhamdu lillahi Jidda na cikin garuruwan waje da hukumar ke shirya jarrabawarta. Amma akwai lambar NIN, akwai neman kiredit biyar har da Ingilishi, akwai kai takardar sanawiyya a tantance ta, akwai takardar shaidar ƙaramar hukumar da yaron bai taɓa takawa ba. Kowace uwa a nan tana da jakar leda mai maɓalli da ta cika da waɗannan, hatimi kan hatimi. Bayan duk wannan sai wani sabon jiran, na CAPS, tsarin da JAMB ta kawo a 2017. Don Allah ku riƙe wannan: duk gurbin da bai fito ta CAPS ba, hukumar ba ta san da shi ba, kuma in ya fito sai yaron ya shiga da kansa ya karɓa, in ya yi sakaci yana iya kufce masa. Ina faɗa ne saboda wani dillali ya karɓi kuɗin wata 'yar uwarmu da sunan yana da hanya, ya turo mata takarda mai tambari, yarinya ta yi sallama da ƙawaye, ashe takardar banza ce. Haka ma minhar nan: tun 2022 akwai shafin gwamnati na neman karatu a Saudiyya, yaro da kansa zai cika, ba sai an ba wani ko riyal ɗaya ba.

Kuɗin karatu a gida ma yanzu akwai abin dubawa. A 2024 aka buɗe bashin ɗalibai na NELFUND, babu ruwa a kansa, na makarantun gwamnati ne, su biya makaranta kai tsaye, su ba ɗalibi naira 20,000 a wata, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ne dai, sai iyali sun zauna sun yi shawara, amma sai an sami gurbin ake nemansa, don haka shi ma jira ne a bayan jira. Ke kuma Hajiya da kuke 'yan Nijar, kada ki manta da Jami'ar Musulunci ta Say, da Larabci ake karatu a fannoninta na addini da harshe, ɗanki ba zai zama baƙo ba. Bankin Musulunci ma da hedikwatarsa ke nan Jidda yana buɗe neman tallafin karatu, a riƙa leƙa shafinsa.

Na san abin da ke ranki, Anti. Yarinyar da ba ta taɓa kwana nesa da ke ba, Hausarta duk Larabci ya ratsa, a ce za ta Zariya ko Sakkwato ita kaɗai, ga tunanin yajin aikin malamai na 2022 da ya ci wata takwas. Ni ma shi ke hana ni barci. Amma a ganina gara a ƙwanƙwasa ƙofofin biyu lokaci ɗaya, ta nan da ta gida, da a zuba wa minha ido har shekara ta ƙare. In ta nan ta buɗe, falillahil hamdu. In ba ta buɗe ba, yarinya ba ta ji an rufe mata duniya ba.

Roƙona ɗaya gare ku: mu daina tare yaran nan a ƙafar bene da "ya fito?" Ranar da ya fito, guɗa za ki ji tun daga titin Sittin. Ki tambaye ni, ni uwar, zan gaya miki gaskiya. Su kuwa a sama musu abin yi. Tawa na ce ta riƙa koya wa ɗanki, Hajiya, tahsili da yamma tunda baɗi zai zauna, naki na Bayero kuma, Yaya, in ya zo hutu ya zaunar da su ya nuna musu yadda tambayoyin JAMB suke. Yaya, ranar Lahadi ki zo da jakar takardunku mu je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya tare, mu tambayi maganar NIN ɗin yaran gaba ɗaya. Ki fito da wuri, kafin rana ta yi.