Indiya, Ƙasar da Albasa Ke Girgiza Gwamnati

Manomin albasa na fadamar Goronyo ko Wurno, wanda ya san zafin ya kai buhu kasuwa a yi masa tayin wulaƙanci, zai fi kowa saurin gane siyasar Indiya. A can albasa ta sha jawo wa masu mulki faɗuwa. Indira Gandhi ta yi yaƙin zaɓen 1980 da kukan tsadarta a baki, kuma ta ci. A 1998 ma tsadar albasa na cikin abin da ya raba jam'iyyar BJP da mulkin yankin birnin Delhi.

Dalilin yana cikin yadda aka gina mulkin. Indiya ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1947, kundin tsarin mulkinta ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 1950. Tsarin firaminista suke bi, irin wanda muka yi a Jamhuriya ta Farko, zamanin da Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, yake Firimiyan Arewa, Tafawa Ɓalewa kuma yana firaminista a Legas. Mu mun koma tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979. Su suna nan kan nasu, kuma soja bai taɓa ƙwace mulki a ƙasar ba.

Suna da shugaban ƙasa, amma 'yan majalisun tarayya da na jihohi ke zaɓensa, kuma matsayinsa na uban ƙasa ne. Wuƙa da nama suna hannun firaminista. Shi kuwa ba talaka ke zaɓensa kai tsaye ba. Ɗan majalisar mazaɓarka kawai kake jefa wa ƙuri'a. Majalisar wakilai, wadda suke kira Lok Sabha, tana da kujeru 543, duk wanda ya haɗa 272 shi ke kafa gwamnati, ministocinsa kuma daga cikin 'yan majalisa suke fitowa. Ranar da rinjaye ya kuɓuce, ba a jiran cikar shekara biyar. A 1999 gwamnatin Firaminista Vajpayee ta faɗi da ƙuri'a ɗaya tak. Akwai majalisar dattawa, Rajya Sabha, wadda majalisun jihohi ke zaɓen yawancin mambobinta, amma ba ita ke ɗora gwamnati ko sauke ta ba.

Zaɓen kansa gagarumin aiki ne. A 2024 masu rajista sun haura miliyan 960, sai da aka kasa shi kashi bakwai, daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni. Na'ura ake latsawa, kowane ɗan takara da alamar jam'iyyarsa a gefen sunansa: furen bado na BJP, tafin hannu na Congress. Tsohuwar da ba ta yi boko ba ta san inda za ta ɗora yatsa.

A Disambar 2023 gwamnatin Firaminista Narendra Modi na BJP ta hana fitar da albasa waje don ta yi wa mutanen birni sauƙi. Farashi ya karye a Lasalgaon, babbar kasuwar albasa ta yankin Nashik, manoma suka tafka asara. An janye hanin a watan Mayu ana tsakiyar zaɓe, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A mazaɓar Dindori ta wannan yanki, ƙaramar ministar Modi, Bharati Pawar, ta sha kaye a hannun wani malamin makaranta, Bhaskar Bhagare. A faɗin ƙasa BJP ta sauko daga kujeru 303 zuwa 240, dole Modi ya jingina da jam'iyyun jihohin Bihar da Andhra Pradesh kafin ya koma kujera. Ba albasa kaɗai ta yi wannan aiki ba, amma ina ganin ya kamata manominmu ya san akwai inda minista ke rasa kujera saboda kuɗin buhu.

Sai dai tsarin yana da wanda yake bari a baya, kuma abin yana ci mini rai. Musulmi kusan kashi 14 cikin ɗari ne na al'ummar Indiya, amma mutum 24 kacal suka shiga Lok Sabha a 2024. A kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a shi ke ɗaukar kujera, su kuwa a warwatse suke a yawancin jihohi, ga manyan jam'iyyu na ƙyashin tsayar da su takara.