Katun Mai Ƙurunƙus da Marar Ƙurunƙus

Tun da aka tayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie aka mayar da ita Adjen Kotoku a 2021, lissafin zamana da yara ya canza. Da asuba nake fita, in hanya ta cushe kuwa sai bayan isha'i nake shigowa Maamobi. Abin da ke tsakanin cin tuwo da barcinsu bai wuce rabin awa ba, kuma a wannan ɗan lokacin ma ba ni kaɗai ke neman hankalinsu ba. Akwai wayar uwarsu. Duk mai yara a Zango ya san wannan kishiyar. Hana su kallon katun gaba ɗaya aikin banza ne, don in ba su gani a ɗakinka ba za su gani a ɗakin maƙwabci, gidan haya ne, labule kawai ya raba ku. Saboda haka tambayar da ta rage mini ita ce wanne za su kalla, gajere ko dogo, kuma wane iri.

Masu ba da kyautar Oscar a Amurka sun yanke nasu hukuncin: fim ɗin da bai wuce minti 40 ba gajere ne, wanda ya haura dogo ne. Wannan awonsu ne. Ni a awona kashi uku ne, kuma na ukun shi ne mai cin lokaci. Akwai gajeren fim na gaskiya, wanda aka gina da farko da tsakiya da ƙarshe, kamar tatsuniya, ana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus. Akwai dogon fim na awa ɗaya da rabi ko biyu, shi ma yana da nasa ƙurunƙus. Sai kuma guntayen nan na YouTube da TikTok, waɗanda kafin ɗaya ya ƙare wani ya hau. Uwar yara za ta ce maka, "Ai ɗan ƙarami ne na sa musu, minti uku." Gaskiya ta faɗa. Amma minti uku sau arba'in awa biyu ke nan, data ta tafi, kuma in ka tambayi yaro me ya gani ba zai iya ba ka labari ɗaya ba. Babban ɗana kuma ya faɗa Naruto na Japan, wanda in aka haɗa na farko da na biyu kashi 720 ne. Kowane kashi ɗan minti ashirin da wani abu. Wai shi ma gajere.

To, waɗancan guntayen na fitar da su daga lissafi. Tsakanin gajere na gaskiya da dogo ne na daɗe ina auna wa, kuma abin da ya rinjayar da ma'aunin a gidana ba tsawo ba ne, harshe ne.

Ni mutumin Galmi ne. Faransancina na kan iyaka ne, Turancina na ciniki, Twi kuwa iya abin da zai sa a biya ni kuɗina. Yarana a nan aka haife su. A makaranta Turanci, a lungu Hausar Zango gauraye da Twi da Turancin titi. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, "Mama ya dawo" suke cewa, har kakarsu ta gaji da gyara. Ba na raina wannan Hausar, ita ce ta riƙe Nima da Maamobi, da ita Bazabarme da Bakotokole da Bamoshe ke fahimtar juna. Amma in muka zauna kallon dogon fim na Turanci, abin da ke faruwa shi ne ni nake zama baƙo a ɗakina. Su yi dariya, ni in tambaya. "Me ya ce?" Ta tsakiyar ta juyo ta ce, "Baba, tsaya mana, zan faɗa maka." Kafin ta faɗa an wuce wurin. Awa ɗaya da rabi uba na zaune yana jiran tafinta daga bakin 'yar shekara tara. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane nauyin abin ba.

Gajerun finafinai masu kyau kuwa da yawansu babu magana a ciki sam, kuma nan ribarsu take a wurin irinmu. Akwai wani mai suna Piper, na kamfanin Pixar, 2016, minti shida. 'Yar tsuntsuwar bakin teku ce uwarta ta daina ba ta a baki, ta ce je ki nema. Ta fita, igiyar ruwa ta yi mata wanka, ta koma ta ɓuya tana karkarwa. Daga baya ta ga yadda 'yan ƙananan ƙaguwa ke nutsewa cikin yashi in ruwa ya taso, ta kwaikwaya. Babu kalma ko ɗaya. Ran da muka kalle shi da Inna, wadda ba ta taɓa ganin teku ba sai da ta zo Ankara, ita ta karɓe fim ɗin. "Ku dubi wagga ɗiya, tsoron ruwa taka ji. Uwar ba mugunya ba ce, so takai ta iya." Yara suka yi tsit. Auta ya tambaye ta mece ce ƙaguwa, shi sunanta na Turanci kawai ya sani. A minti shida ya samu kalma, ya ji Hausar Adar daga bakin mai ita, kuma babu wanda ya jira tafinta. Fim marar magana kamar ƙwarya ce wofi, harshen da ka ga dama kake zubawa.

Haka Hair Love na 2019, wanda ya ci Oscar a 2020, kuma yana nan kyauta a YouTube. Kusan minti bakwai ne, maganar ciki kaɗan. Uba ne ke fama da gashin 'yarsa, ya rasa ta inda zai kama, don uwar tana asibiti. Matan gidanmu sun yi mini dariya a kansa har kwana uku, suna cewa a kawo matsefi a gwada ni. Amma ƙarshensa, inda aka ga uwar ciwo ya zubar mata da gashi, ya sa ta tsakiyar ta yi tambayar da ba ta taɓa yi ba game da wata gwaggonta da ta yi doguwar jinya a gida. Mun yi maganar da Hausa.

Kada a ce na yi wa dogon fim rashin adalci. Akwai abin da yake yi wanda gajere ba zai taɓa iyawa ba: yana sa ka saba da mutum kafin a ɗauke maka shi. A The Lion King na 1994, sai an yi kusan rabin awa yaro yana tare da uban zakin nan, ya ga wasansa, ya ga faɗansa, sannan a kashe shi. Shi ya sa mutuwar ke shiga jiki. Da a minti na uku aka kashe shi, babu mai kuka. Sabo ake yi wa kuka, in ji mutanenmu, kuma sabo sai da lokaci. Yaron da ya zauna ya bi labari ɗaya na awa ɗaya da rabi, ya riƙe abin da aka faɗa a farko har ya ga amfaninsa a ƙarshe, ya koyi wani irin haƙuri da zai yi masa rana a gaban allo da gaban littafi. Guntayen waya akasin haka suke koya masa.

Sai dai dogo yana da sharuɗɗa. Yana son wuta ta tsaya, ko waya mai cikakken caji. Yana son data, shi ya sa nake saukewa da tsakar dare lokacin da take araha. Sama da komai yana son babba a zaune a wurin. Na ga wannan a Bilal, wanda wani kamfani na Dubai ya yi aka fara nuna shi a 2015. Mutane na jin sunan sahabi sai su miƙa wa yara waya su tafi harkarsu, wai ai na addini ne. Fim ne da ya haura awa ɗaya da rabi, akwai yaƙi, akwai wurin da Umayya ɗan Khalaf ya sa aka danne Bilal da dutse a rana. Ɗan shekara biyar ba zai yi barci lafiya ba bayan wannan. Kuma masu fim ɗin sun yi ƙari da ragi don ya shiga kasuwar duniya, ba littafin sira ba ne. Akwai ma malaman da ba su yarda a zana sahabi ba tun farko, kuma maganarsu ba abin yarwa ba ce. Ni na bar manyan biyu sun kalla, ina zaune, ina tsayar da shi ina cewa wannan haka malamai suka faɗa, wannan kuwa na masu fim ne. Dare biyu ya ɗauke mu.

Wani zai ce to me ya sa ba za a nemo dogon katun da Hausa a huta ba? Lissafi ne. Fim na tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Na minti bakwai hoto 10,080 ke nan, na minti 90 kuwa 129,600. Ko da mai zane ya bar kowane zane ya tsaya sau biyu, kamar yadda da yawa ke yi, aikin ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ba na jarin kwando ɗaya ba ne. Gajeren fim kamar mai kasa albasa a tire ne, dogo kuwa mai sauke tirela. Shi ya sa abin da ake samu da harshenmu galibi gajeru ne, irin shirin Akili na Tanzaniya da aka mayar Hausa, da tatsuniyoyin da samari ke zanawa suna sakawa a YouTube, wasu da kyau, wasu kuwa bakin Gizo na motsi maganar na wani wuri. Masu fassara finafinan Indiya a Kano sun nuna cewa ana iya ɗora Hausa a kan fim na awa uku mutane su saya. Da za su waiwayi yara da sun same mu a layi.

Kuma ba yau muka fara ba. Moustapha Alassane, wanda ya yi zamansa a Tahoua, babban birnin jiharmu, yana cikin na farkon da suka yi katun a Afirka ta kudu da Sahara. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan fim na kamar minti biyar, baƙi da fari, a kan wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara, ana ta fareti da jinjina. Shekara shida kacal bayan samun 'yancin kai, mutumin ya zana manya a matsayin kwaɗi. A dogon fim da 'yan wasa na gaske wa zai ba shi kuɗin wannan? Ya rasu a 2015. Da na nuna wa yara, babban cewa ya yi zanen kamar na ɗan aji uku. Na ce masa to, zauna ka zana mini kwaɗo ɗaya yana tsalle. Ya ɓata takarda goma sha, kwaɗon bai tashi ba.

Nan Gana ma an fara sauke tirela. An yi dogon katun a kan Yaa Asantewaa, an yi wani mai suna 28th The Crossroads a kan ranar 28 ga Fabrairu 1948, ran da tsoffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu da kokensu aka harbe uku, Adjetey da Attipoe da Odartey Lamptey, abin da ya hura wutar da ta kai ga 'yancin kai a 1957. Irin wannan labarin ba ya shiga minti bakwai. Yaranmu kuwa suna buƙatarsa, don nan ce ƙasarsu ko mun so ko mun ƙi, kuma rundunar da waɗannan mutane suka yi wa aiki da Hausa ake ba da umarni a cikinta.

Game da iri, ni da maƙwabcina, wani dattijo mai sayar da turare a kasuwar Nima, ba mu daidaita ba. Shi ya hana Tom and Jerry a ɗakinsa, ya ce duka ne tun daga farko har ƙarshe kuma babu wanda ke jin ciwo, yaro zai ɗauka haka duniya take. Ni na bari, don dabarar ƙarami a kan babba ce, ita ce ta Gizo, ita ce ta Ananse da suke karantawa a makaranta. Abin da ni ba na bari shi ne na ban tsoro da dare, a ɗaki ɗaya muke kwana, wanda ya firgita ni zai tasa. Na dabbobi da marasa magana ga ƙanana a ranakun aiki, ɗaya ko biyu, wanda na riga na sauke, sannan a kashe data. Na tarihi da na addini ga manya, ranar da ban fita ba. Naruto kuwa har yanzu muna ciniki, ya ce biyu, na ce ɗaya.

Akwai wani da ban nuna musu ba. Sunansa Bao, 2018, minti takwas, shi ma babu magana. Wata 'yar Sin ce da ke zaune a Toronto ta Kanada, ɗan curin abincin da ta naɗe ya zama jariri, ta raine shi, ya girma, ya fara jin kunyar fita da ita, ya koma cin abincin waje da abokan waje. Ran da ya ɗauko jaka zai bi wata Baturiya, ta tare ƙofa, ya ƙi tsayawa, sai ta cafke shi ta haɗiye. Ni da uwargida muka kalle shi bayan sun yi barci, an rage murya. Da ya ƙare ta karɓi wayar ta mayar da shi farko. A karo na biyu, daidai wurin ƙofar, ta ce, "Bana in za ka gida da babbar salla, ka tafi da babban." Na ce makaranta fa? Ta ce a nemi izini.