Cokulan Kakana

Yau labarin gidanmu zan ba ku, labarin wasu cokula da suka kusa raba zumunci.

Kakana, mahaifin Inna, kuku ne. Ya yi wa wani Bature ɗan Faransa aiki a Damagaram shekaru da yawa. Da ƙasarmu ta samu ƴancin kai a 1960, Baturen ya tashi komawa gida. Ya yi wa kakana kyautar cokali 6 da cokali mai yatsu 6. Kakana bai taɓa cin abinci da su ba. Ya naɗe su cikin tsumma, ya sa a ƙasan akwati. Kullum yakan ce: "Wannan azurfa ce, ajiyar baƙar rana." Da tsufa ya kama shi, sai ya damƙa wa Inna akwatin.

Bayan rasuwarsa aka zo rabon gado. Ƴaƴansa biyu ne, Inna da ƙanenta. Kawu ya ce a kai cokulan wurin maƙerin fari, a narke, a auna, a raba. Maƙeri ya ɗauki guda, ya goga magagari a gindinsa, ya duba. Ya ce: "Wannan ba azurfa ba ce. Ruwan azurfa aka yi mata."

Kawu bai ce uffan ba sai da muka iso gida. Nan ya dubi Inna ya ce: "Yaya, na Baba azurfa ne. Waɗannan kuwa ban san inda suka fito ba." Inna ta shiga ɗaki. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Ba kuɗin ne ya dame ta ba, zargin musanya ne.

Na rasa abin yi. Da dare na ɗauko cokulan, na haska su da fitila. A bayan kowanne na ga ƴan tambura ƙanana, ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Na ɗauki hotonsu da waya, na buɗa hoton. Sai ga suna: CHRISTOFLE. Kusa da shi ga ɗan sikeli. Ga kuma lamba 84 cikin ɗan gida mai kusurwa huɗu, kamar ƙwayar sukari.

Karatun na iya, amma ma'anar ban sani ba. Da aiki ya kai ni Yamai, na nuna wa wani dattijo mai sayar da kayan da. Ya yi dariya ya ce: "Malam, kowane raƙumi da shaidar mai shi. Cokali ma haka." Ga abin da na koya daga wurinsa, na kuma ƙara da bincike.

A 1840, wasu mutanen Ingila da ake kira Elkington, a birnin Birmingham, suka yi rajistar dabarar shafa wa ƙarfe azurfa da lantarki. A 1842 wani maƙerin Paris, Charles Christofle, ya sayi izinin aiki da wannan dabara a Faransa. Ana ƙera cokali da gamin jan ƙarfe da tutiya da nikel. Sannan a tsoma shi cikin ruwan da aka narkar da azurfa, a saki lantarki. Azurfar sai ta bi jikinsa ta manne, siririya ƙwarai. Da haka mai ƙaramin ƙarfi ya samu cokali mai kama da na sarakuna. Amma kama da wane ba wane ba ne.

Don kada a cuci mai saye, hukuma ta raba tamburan. A Faransa, in azurfa ce tsantsa, za ka ga kan mace sanye da kwalkwali. Tun 1838 ake buga shi. In da lamba 2 kusa da kan, azurfar kashi 800 ce cikin 1000. In lamba 1 ce, ta fi haka kyau. Tambarin maƙerin kuma yana cikin gida mai tsini sama da ƙasa. In kuwa ruwan azurfa ne, babu kan mace, gidan tambarin kuma mai kusurwa huɗu ne daidai.

Kayan Ingila su ma suna shigo mana, ta Najeriya. A nasu, ɗan zaki mai tafiya shi ne shaidar azurfa, kashi 925 cikin 1000. In ka ga haruffa huɗu, EPNS, to ruwan azurfa ne kawai, komi ƙyallinsa.

Lamba 84 fa? Tana nufin giram 84 na azurfa aka shafa wa cokali 12 da mai yatsu 12. Ku yi lissafin tare da ni. Raba 84 gida 24, kowanne ya samu giram 3 da rabi. Namu guda 12 ne, ke nan giram 42, shi ma lokacin da suke sabbi. In an narke su, ƴar azurfar nan za ta ɓace cikin sauran ƙarfe.

Na dawo gida na tara Inna da Kawu. Na nuna musu hoton, na yi bayani dalla-dalla. Na ce: "Kawu, wanda ya ƙera su bai ɓoye komi ba. Ya rubuta gaskiya a jikinsu. Kaka ne bai samu mai karanta masa ba."

Kawu ya juya cokali a hannunsa, ya daɗe. A kan mariƙin akwai haruffa biyu masu lanƙwasa, farkon sunan Baturen. Ya shafa su da yatsa ya ce: "Wannan zanen na san shi. Ina yaro na ɗauko guda na yi wasa da shi, Baba ya zane ni." Ya sunkuyar da kai ya ce: "Yaya, ki gafarce ni." Inna ta ce: "Ya wuce. Allah ya yafe mana duka."

Ba a narke su ba, ba a kuma raba su ba. Dattijon Yamai ya gaya mini darajarsu tana ga sunan maƙerin, da kasancewarsu tare. Suna nan cikin akwatin. Ranar salla akan fito da su, Kawu ya zo da iyalinsa mu ci shinkafa.

Ƴan'uwa, in kuna da irin waɗannan kaya, kada ku goge su da yashi ko toka, ruwan azurfar zai tafi. Sabulu da tsumma mai laushi sun isa. In kuma wani ya kawo muku cokali ko faranti ya ce azurfa ne, kada ku yi saurin kwance akuya. Ku juya bayansa tukuna, ku duba tambari.